Digiri Na Biyu A Koyar Da Ingilishi: Ina Kasuwarsa Take?

Laccar da kwamitin ilmi ya gabatar wa taron 'yan ƙungiya a bakin tafkin Njuwa, Yola

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, iyayenmu mata, malamai, 'yan kasuwa, ƙannenmu da 'ya'yanmu ɗalibai, muna yi wa kowa barka da zuwa, musamman waɗanda suka taso tun da sassafe daga Jambutu da Dubeli da Rumde da Luggere, suka bar shaguna a hannun yara domin su halarci wannan zama. Allah ya saka da alheri.

Dalilin da ya sa shugabanni suka ɗora wa kwamitinmu wannan lacca ba ɓoyayye ba ne. Wasu daga cikin 'ya'yanmu da suka gama digirin farko, suka yi bautar ƙasa, sun rubuto wa asusun ilmi na ƙungiya suna neman a tallafa musu su koma jami'a, su yi digiri na biyu a fannin koyar da Ingilishi ga wanda ba harshensa ba ne. Da takardun suka iso gaban dattawa, tambaya ɗaya suka yi, suka ce, in yaro ya gama, ina zai kai hajar? Tambayar ɗan kasuwa ce, kuma tana kan hanya, domin kuɗin asusun nan ba daga sama suka faɗo ba. Gudummawa ce ta masu shaguna a kasuwar Jimeta, da 'yan hatsi, da mahauta, da direbobi, da iyayenmu mata masu adashi. Wanda ya tara kuɗi da gumi yana da haƙƙin ya san inda za a zuba su.

To amsarmu ita ce, kasuwa akwai ta. Sai dai ba inda yaran suke hange take ba. Su idonsu yana kan Ingila da ƙasashen Larabawa, ita kuwa kasuwar tana nan tsakanin Binuwai da iyakar Kamaru, kuma ba ta sayen takarda daga hannun wanda bai taɓa riƙe alli ba.

Bari mu fara da bayanin shi kansa karatun, domin mun lura ana cakuɗa shi da wani abu dabam. Wanda ya yi digiri na biyu a adabin Ingilishi, wasannin Shakespeare da littattafan Achebe ya nazarta. Wannan da muke magana a kai ba shi ba ne. Shi wannan sana'a ake koya masa: yadda ɗan Adam yake koyon harshe na biyu, inda harshen gida yake taimaka masa da inda yake yi masa tarnaƙi, yadda ake tsara darasi da littafi, da yadda ake shirya jarrabawar da za ta auna abin da yaro ya iya ba abin da ya haddace ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana ba da wannan digiri a sashenta na ilmi.

Ga misali, don iyayenmu su ga inda amfanin yake. Bahaushe ba shi da bambanci tsakanin sautin p da f, saboda haka ɗanmu zai ce fan alhali pan yake nufi, kuma ko ka yi masa bulala goma kunnensa bai ji wani bambanci ba. Amma ba ya rikita he da she, domin Hausa tana da shi tana da ita. Ɗan Fulani da ke zaune kusa da shi a benci ɗaya, shi p ba ta ba shi wahala ko kaɗan, domin akwai ta a Fillanci, amma sai ka ji ya kira mace da he, saboda a harshensa kalma guda ce take tsaya wa namiji da mace. Kun ga yara biyu, aji ɗaya, cuta biyu, magani biyu. To ku ƙara musu ɗan Bacama da ɗan Kilba da ɗan Margi da ɗan Camba da ɗan Higi da ɗan Vere da ɗan Lunguda, wanda duk malamin da ya koyar a Jimeta ya san ba ƙari muka yi ba. Yawancin waɗannan yara Ingilishi ba harshensu na biyu ba ne, na uku ne ko na huɗu. Sun tashi da harshen gida, suka tsinci Hausa a titi da kasuwa, wasu suka haɗa da Fillanci, sa'an nan malami ya shigo da Turanci. Malamin da bai san wannan ba, ihu kawai zai yi ta yi a gaban allo yana cewa yara daƙiƙai ne. Wanda ya sani, ya san inda zai taɓa.

A nan ne 'ya'yanmu suke da wani jari da su kansu ba su san darajarsa ba. Yaron da aka haifa a Limawa ko Alƙalawa ya tashi da Hausa ta gado, yana jin Fillanci, wataƙila ma yana gaisawa da wasu harsuna biyu. Bature ɗan Landan, komai daɗin lafazinsa, ba shi da wannan.

Yanzu sai mu shiga kasuwa, rumfa rumfa.

Rumfar da ta fi kowace girma ita ce makarantun firamare da sakandare. Buƙata a nan ba ta da iyaka, domin duk yaron da bai sami kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya cinye sauran darussa, kuma a jarrabawar JAMB ma Ingilishi dole ne ga kowa. Dattawan da ke nan za su tuna zamanin Jihar Gongola, bayan an fara shirin ilmin firamare kyauta a 1976, lokacin da makarantunmu suka cika da malamai daga Indiya da Pakistan da Ghana, saboda ba mu da namu. Waɗannan sun tafi tuni, giɓin kuwa har yau bai cike ba. Amma mu gaya wa juna gaskiya: wannan rumfa ba ta tambayar digiri na biyu. Abin da doka ta nema shi ne takardar NCE ko digirin ilmi, da rajista da hukumar TRCN wadda aka kafa da dokar 1993. Wanda ya karanta Ingilishi zalla ba tare da ilmin koyarwa ba, abin da ya rage masa shi ne difloma ta PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da jami'o'i da dama suke bayarwa cikin kamar shekara guda, da kuɗin da bai kai na digiri na biyu ba. Yaro ya tsallake wannan ya je ya yi digiri na biyu, ya dawo a ce masa ba shi da rajista, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan kuma ya riga ya shiga aikin gwamnati, babbar takarda tana ƙara masa daraja wajen zama shugaban sashe ko firinsifal ko sufeto, amma abin da take ƙarawa a albashin wata ba zai mayar da kuɗin karatun da wuri ba. Abin da ya ɗan gyaru shi ne dokar 2022 wadda ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki.

Makarantun kuɗi kuwa, waɗanda suka yi yawa a Jimeta kamar jamfa a Jos, kaɗan ne daga cikinsu suke biyan abin kirki. Da yawa ko mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da dokar 2024 ta yanka ba su kai ba, kuma mai makaranta yakan ji tsoron mai babbar takarda, don ya san ba zai daɗe ba.

Rumfar da aka yanka wa wannan digiri ita ce ta koyar da malamai da koyarwa a manyan makarantu, kuma a nan Allah ya yi wa garin nan baiwa. Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya a cikin Jimeta tun 1974. Ga jami'ar da ke hanyar Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, aka sa mata sunan Modibbo Adama a 2011, daga baya a 2021 aka sake mata fasali ta zama jami'a mai koyar da kowane fanni. Ga Jami'ar Amurka ta Nijeriya da Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, wadda ta fara karatu a 2005. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, ga Kwalejin Ilmi ta Hong, ga Jami'ar Jiha a Mubi tun 2002. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, duk ɗalibin da ya shiga, injiniya zai zama ko akawu, sai ya yi darasin amfani da Ingilishi a shekararsa ta farko. Wa zai koyar da su? Bugu da ƙari, dokar 2023 ta ba kwalejojin ilmi na tarayya ikon ba da digiri tare da NCE, wanda ke nufin suna buƙatar malamai masu manyan takardu fiye da da. Kuma in mutum yana shakkar cewa su kansu malaman firamare suna buƙatar a sake horar da su, ya tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda aka yi wa malamai kimanin 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 suka faɗi. Ba mu kawo wannan don mu yi wa kowa dariya ba. Malamin da ba a koya masa ba, me zai koyar?

Sai dai wannan rumfa ƙofarta ƙarama ce. Gurbi ba ya buɗewa kullum, wani lokaci a shekara da shekaru ba a ɗauki kowa ba, in an buɗe kuma masu nema sun fi a ƙirga. A jami'a, mai digiri na biyu mataimakin laccara ne, kuma ba zai yi nisa ba sai ya haɗa da digiri na uku. Wato duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya sani tafiyar shekara bakwai ko takwas ya ɗauka, ba ta biyu ba. Ita ma ta biyun a takarda take. Mun ga yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020, da na wata takwas a 2022, kuma kowa ya san yadda kundin bincike yake kwana a teburin malami mai dubawa.

Ga kuma wani abu da muke so matasa su riƙe da kyau. Asusun TETFund yana biyan kuɗin ƙaro ilmi, amma malaman da suka riga suka shiga aiki a manyan makarantun gwamnati yake biya wa, ba mai neman aiki ba. Haka ma malamin sakandare yana iya neman hutun ƙaro ilmi albashinsa na tafiya. Ashe ke nan wanda ya fara shiga aiki, gwamnati ce za ta ɗauki nauyin takardarsa, ko aƙalla ta rage masa. Wanda ya fara da takarda, mahaifinsa ne zai sayar da fili.

Yanzu mun zo kan maganar da ta shafe mu mu kaɗai, wadda ba a cika son faɗinta a bainar jama'a ba, amma tunda mu ya mu ne, sai mu faɗa. Ita ce maganar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda yara suke kira indijin. Kakanninmu sun zo garin nan fatauci, wasu tun zamanin da jiragen ruwan kamfani suke hawo Binuwai da damina su tsaya a Jimeta, wasu ma kafin Turawa su ci Yola a 1901. Mun zauna lafiya ƙarƙashin inuwar Lamiɗo, mun yi auratayya, mun binne iyayenmu a nan. Amma tsarin ɗaukar aiki a ƙasar nan, tun daga aikin jiha har zuwa na tarayya da Hukumar Raba Daidai take sa wa ido tun 1996, ba ya tambayar inda aka haife ka, asalinka yake tambaya. Gidajenmu kuwa ba ɗaya ba ne a wannan. Akwai waɗanda sun daɗe har an san su 'yan ƙasa ne, ba su da matsala. Akwai waɗanda mahaifinsu ne ya zo daga Kano ko Katsina ko Haɗeja, yaro ya tashi bai san kowa a can ba, a nan a ce masa baƙo, ya je can mai unguwa ya ce bai san shi ba. Irin wannan yaro sai ya gama digiri na biyu, ya cika fom, a zo layin ƙaramar hukuma ya tsaya yana kallon biro. Ba muna zargin kowa ba ne, haka tsarin yake daga Sakkwato har Kalaba, kuma baƙin da ke zaune a garuruwanmu na asali su ma abin da suke sha ke nan. Abin da muke cewa shi ne, uba ya warware wa ɗansa wannan tun yana sakandare. In a nan ya cancanta, a bi hanyar da ta dace a karɓa. In can gida ne, a kai shi ya ga dangi, mai unguwa da dagaci su san fuskarsa, a karɓo. Takarda guda ɗaya tak, ta gaskiya, kada a yi biyu, domin ranar tantancewa ita ce take kai mutum ƙasa. Wanda takardarsa ta Jigawa ce ko Katsina, ya sa ido kan kwalejoji da jami'o'in can ma, kada ya ce lallai sai Yola. Su kuma makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji ba ruwansu da asalinka, abin da ka iya suke dubawa.

Tunda mun ambaci ƙungiyoyin agaji, bari mu ɗan tsaya a kansu. Bayan da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Oktoba na 2014, kowa ya ga yadda 'yan gudun hijira suka cika garin nan, a sansanonin Malkohi da Damare da kuma cikin gidajenmu. Daga nan aka shigo da shirye-shiryen koyar da karatu, wasu ta rediyo, wasu a cibiyoyin unguwa, da yawansu da kuɗin hukumar USAID ta Amurka, wasu kuma ta hannun Jami'ar Amurka da ke nan. A Bauci da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta, inda ake fara koya wa yaro karatu da Hausa sa'an nan a haye da shi zuwa Ingilishi. Waɗannan ayyuka su ne suka fi neman irin wannan ilmi da muke magana a kai, wato mai iya rubuta littafin yara, ya horar da malamai, ya auna ko yaro ya iya karatu, kuma sun biya albashin da gwamnati ba ta biya. To amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Aikin kwangila ne, kamar kamun kifin tafkin nan ne, yana da lokacinsa. A shiga in ya samu, a yi tanadi, amma kada a ajiye aikin fansho saboda shi sai an yi lissafi.

Manufar gwamnati ma tana juyawa. Tun 1977 tsarin ilmi na ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke wannan, a koma Ingilishi tun daga farko. Mu a kwamiti muna ganin yaron da bai iya karatu da harshen da yake ji ba, da wuya ya iya da wanda ba ya ji, kuma muna tsoron abin da wannan zai haifar a ƙauyukan Fufore da Song. Amma ta fuskar aiki, duk inda aka juya, malamin da ya san yadda ake ɗauko yaro daga Hausa ko Fillanci a kai shi Ingilishi, shi za a nema.

To, sai ƙasashen waje, inda zukatan yaranmu suke. Kada ran kowa ya ɓaci da abin da za mu faɗa. Koriya ta Kudu, wadda ake yawan ambata, bizarta ta malaman Ingilishi yawanci ta 'yan ƙasashe 7 ce: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Fasfo ake dubawa kafin takarda. Ƙasar Sin, inda mutane da yawa suka ci abinci da koyar da yara ta intanet, ta hana malaman da ke zaune a waje yin wannan a 2021. Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya hanyar samun shaidar koyarwa a 2023, amma ga masu lissafi da kimiyya da harsuna irin su Faransanci, ba Ingilishi ba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, wa zai kai goro Gwanja? Ƙasashen Larabawa suna ɗauka, musamman mai digiri na biyu da shekarun aiki, amma a can ma mai fasfon Turai yana gaba a layi, kuma cibiyoyin koyon harshe sun fi tambayar wata ƙaramar takarda ta Cambridge mai suna CELTA, wadda ake yi cikin mako huɗu ko biyar ana kallon mutum yana koyarwa. Zuwa Ingila yin digirin da kuɗin aljihu kuwa, kuɗin makaranta kaɗai a yawancin jami'o'i ya haura fam 15,000, ga shi tun da aka saki Naira a 2023 kowa ya san inda canji ya kai, kuma daga Janairun 2024 an hana irin waɗannan ɗalibai tafiya da iyali. Asusunmu gaba ɗayansa ba zai kai yaro ɗaya ba.

Hanyoyin da suka rage na fita su ne na gurbin karatu kyauta da na aikin gwamnati, kuma ku lura da sharaɗinsu. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana neman shekara biyu ta aiki. Gidauniyar Hornby, wato mutumin nan da ya tsara ƙamus ɗin Oxford da kowane ɗan sakandare ya sani, ta daɗe tana kai malaman Ingilishi Birtaniya yin wannan digiri, ita ma malamin da ke cikin aji take ɗauka. Shirin Fulbright na Amurka ya sha ɗaukar matasan malaman Ingilishi daga Nijeriya su yi shekara guda a jami'o'in can, kuma kun san abin da suke zuwa koyarwa? Hausa. Wato harshen da yaro yake jin kunyar yi a gaban abokansa shi ne tikitinsa, ko da yake samun bizar Amurka ya tsananta ƙwarai tun 2025. Ga kuma shirin da Janar Babangida ya kafa a 1987 na tura ƙwararrun Nijeriya aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan. Duk inda ka duba, tambayar ɗaya ce: shekara nawa ka yi kana koyarwa? Ko su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da suka je Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945 da 1946, sai da suka sha ƙurar alli a Bauci tukuna aka tura su.

Amma me ya sa sai mun haye teku? Ga Garwa nan, wadda 'yan kasuwarmu suke shiga ta Fufore da Gurin kamar gidansu. Kamaru harsunan gwamnatinta biyu ne, Faransanci da Ingilishi, kuma arewacinta, daga Ngaundare zuwa Marwa, Faransanci ne ya yi rinjaye, Fillanci da Hausa kuma su ne na kasuwa. Cadi Faransanci da Larabci take yi. Nijar kuwa a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Duk waɗannan mutane ne da suke son Ingilishi, don karatu a jami'o'inmu, don aiki da ƙungiyoyin duniya, don fatauci. Ba mu ce za a ba ɗanmu aikin gwamnati a can ba, wannan na 'yan ƙasa ne, kuma Kamaru tana da nata masu Ingilishi daga Bamenda da Buea. Abin da muke hange shi ne su su zo nan. Gwamnatin Tarayya tana da ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci da aka kafa a Ngala, inda ɗalibanmu suke zuwa su zauna cikin harshe. Me zai hana 'ya'yanmu biyu ko uku su haɗa kai su buɗe cibiya a Jimeta, ɗalibi ya zo daga Garwa ko Injamena ko Damagaram ya yi wata shida, a sauke shi a gidajenmu kamar yadda muka saba saukar da baƙin fatake, ya biya da sefa? Da yamma kuma cibiyar ta koyar da ma'aikatan jinya masu shirin jarrabawar IELTS, da 'yan kasuwarmu masu sayayya a Dubai da Guangzhou waɗanda har yau sai an karanta musu takardar kaya. Wannan sana'a ce irin ta gidanmu, kuma ba mai tambayar ka takardar ƙaramar hukuma. Sharaɗinta guda, wanda zai yi ta ya koyi ɗan Faransanci, kuma ya iya aikin da gaske, domin wanda ya biya da aljihunsa ba ya dawowa in bai ga amfani ba.

Akwai ƙananan hanyoyi, irin su makin takardun WAEC da NECO, da fassara, da gyaran rubutu, da shirye-shirye a gidajen rediyo. Waɗannan cefane ne, ba su riƙe gida.

Iyayenmu mata, kalma ɗaya gare ku. Cikin masu neman tallafin nan akwai 'ya'ya mata, kuma muna roƙon kada a mayar da takardunsu ƙasan tari. Makarantun 'yan mata da na matan aure suna kukan rashin malamai mata, kuma akwai gidaje da yawa, har a cikinmu, da ba za su bar yarinya ta ci gaba ba sai in mace ce take koyar da ita.

Saboda haka ga abin da kwamiti yake kawo wa shugabanni. Duk wanda ya nemi tallafin wannan digiri, ya zo da shaidar ya koyar shekara biyu a aji, ko da a makarantar unguwa ce ko Islamiyya, ya zo da rajistar TRCN, ya zo da takardar asalinsa a warware. Wanda ba shi da ilmin koyarwa, a fara biya masa PGDE. Karatun ya kasance a cikin ƙasa, kuma in da hali ba tare da ya ajiye aikinsa ba. Abin da za a ba shi rance ne ba ruwa, ya fara biya bayan shekara guda da gamawa, don na bayansa su samu. Kundin bincikensa kuma muna so ya kasance kan azuzuwan garin nan, ba kan abin da ya kwafo daga wani wuri ba. A madadin godiya, duk dogon hutu ya ba yaranmu 'yan aji shida na sakandare darasin Ingilishi na mako huɗu kyauta. Ɗaya daga cikin iyayenmu ya riga ya ce zai ba da zaurensa da benci. Masu takardu a gaban kwamiti su same mu bayan an tashi, kowa da fayil ɗinsa, mu duba tare.

Mai girma shugaba, a nan muka tsaya, sai tambayoyi.